Daga Etisalat Zuwa T2: Shin Bashi Zai Kayar da Wannan Kamfani?

Tun farkon shekarar 2017 ake tafka muhawara a Najeriya a kan makomar kamfanin sadarwar da ya fara aiki da sunan Etisalat, ya koma 9mobile, sannan a watan Agustan 2025 ya sake sauya suna zuwa T2. Wasu sun daɗe da yanke hukuncin cewa bashi ya riga ya cinye shi, abin da ya rage kawai shi ne ranar da za a garƙame ofisoshinsa. Wasu kuma suna ganin kamfanin da ya tsallake rikicin 2017 babu wata guguwa da za ta iya kayar da shi. Maganar ta dame ni ƙwarai, domin ta shafi miliyoyin mutanen da suka riƙe lambar 0809 a matsayin lambar da 'yan uwa da abokan ciniki suka san su da ita, kuma ta shafi duk wanda yake sayen kati ko data a ƙasar nan, ko da bai taɓa sanya layin wannan kamfani a wayarsa ba.

Kafin a ce zai karye ko ba zai karye ba, ya kamata a san yadda aka ci bashin da kuma abin da ya mayar da shi alaƙaƙai. A shekarar 2007 ne kamfanin zuba jari na Mubadala, mallakar masarautar Abu Dabi, ya sayi lasisin aiki a Najeriya a kan dala miliyan 400, ya kuma jawo kamfanin Etisalat na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa domin ya gudanar da harkar. A watan Oktoban 2008 aka fara sayar da layuka, a lokacin da MTN da Glo da kamfanin da yau ake kira Airtel suka riga suka mamaye kasuwa. Duk da makarar da ya yi, sabon kamfanin ya samu karɓuwa, musamman a wajen matasa da ɗaliban jami'a, saboda ya ba mutum damar zaɓar lambar da yake so, kuma an yi masa shaidar ingancin intanet. Zuwa shekarar 2016 layukansa sun haura miliyan 20.

A shekarar 2013 kamfanin ya karɓi rancen da ya kai dala biliyan 1.2 daga gamayyar bankuna 13 na Najeriya, ciki har da Access da Zenith da GTBank da First Bank da UBA, domin ya biya wani tsohon bashi ya kuma faɗaɗa kayan aikinsa. Cin bashin shi kaɗai ba laifi ba ne. Hausawa suna cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma a harkar sadarwa babu kamfanin da yake kafa dubban turakun sadarwa, ya shimfiɗa wayoyin ƙarƙashin ƙasa daga gari zuwa gari, ya biya kuɗin lasisi, duk daga aljihunsa. Sai an kashe maƙudan kuɗi tun kafin a sayar da katin naira ɗari na farko. Inda gizo ya yi saƙar shi ne, wani ɓangare na rancen da dala aka ci shi, alhali kuwa duk abin da kamfanin yake samu daga masu kira da masu sayen data da naira yake shigowa.

A lokacin da aka sanya hannu a kan rancen, dala ɗaya tana kusan naira 160. Farashin ɗanyen mai ya faɗi daga ƙarshen 2014, dala ta yi ƙaranci, tattalin arzikin ƙasa ya shiga matsi, kuma a watan Yunin 2016 Babban Bankin Najeriya ya saki farashin naira. Kafin shekarar ta ƙare dala ta haura naira 300 a farashin gwamnati, a kasuwar bayan fage kuwa sai da ta wuce naira 500 a farkon 2017. Ma'anar wannan ita ce, bashin dala miliyan 100 da a 2013 ake buƙatar kimanin naira biliyan 16 a biya shi, a 2017 sai an tara sama da naira biliyan 30, idan ma an samu dalar a farashin gwamnati ke nan. Duk ɗan kasuwar Kantin Kwari da ya taɓa ɗauko atamfa bashi daga Sin da dala, ya raba wa 'yan kasuwa da naira, sannan canji ya tashi kafin ya gama tattara kuɗinsa, ya san wannan ciwo. Bambancin kawai shi ne ɗan kasuwa yana iya ƙara kuɗin kayansa washegari, shi kuwa kamfanin sadarwa ba ya ƙara ko kwabo a kan kuɗin kira sai da amincewar Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC.

A farkon 2017 kamfanin ya gaza biyan kason da ya zo lokacin biya, bankuna suka taso, suna neman ko dai masu kamfanin na ƙasar waje su zuba sabon kuɗi, ko kuma su karɓe ragama. An shafe watanni ana tattaunawa ba a cimma matsaya ba. A watan Yuni kamfanin Etisalat na Abu Dabi ya sanar da cewa zai miƙa hannun jarinsa na kashi 45 cikin ɗari ga amintaccen da ke wakiltar bankunan, Mubadala shi ma ya janye, shugaban hukumar gudanarwa Hakeem Belo-Osagie ya yi murabus, daga bisani kuma aka umarci kamfanin na Najeriya ya daina amfani da sunan Etisalat. A watan Yuli sunan 9mobile ya fito. Abin da ya fi muhimmanci a wannan rikici shi ne rawar da hukumomi biyu suka taka. NCC, ƙarƙashin Farfesa Umar Garba Danbatta, ta tunatar da bankuna cewa lasisin sadarwa ba kaya ba ne da mai bin bashi zai ɗauka ya tafi da shi ba tare da izininta ba. Babban Banki kuma, wanda ke tsoron abin da asarar irin wannan kuɗi za ta yi wa bankuna 13 a lokaci guda, ya shiga tsakani, har aka naɗa mataimakin gwamnansa, Dokta Joseph Nnanna, ya jagoranci hukumar riƙon ƙwarya.

Daga nan aka sa kamfanin a kasuwa. Cikin masu neman sayensa, kamfanin Teleology ne ya yi nasara a kan kamfanin Smile, ya karɓi ragama a watan Nuwamban 2018, tare da Alhaji Nasiru Ado Bayero a matsayin shugaban hukumar gudanarwa. Ba a yi wata uku ba Adrian Wood, tsohon shugaban MTN a Najeriya wanda sunansa ya ƙara wa tayin nauyi, ya sanar da janyewarsa. A watan Yulin 2024 kuma aka sanar cewa wani kamfani mai suna LH Telecommunication ya mallaki kashi 95.5 cikin ɗari na hannun jarin, bisa sharaɗin zuba sabon jari.

Masu cewa kamfanin zai durƙushe suna da hujja mai ƙarfi, kuma ba na raina ta. Hujjar tasu ita ce yawan masu amfani da layin. Daga sama da miliyan 20 a 2016, alƙaluman NCC sun nuna ya sauko zuwa kimanin miliyan 3 a ƙarshen 2024, bayan an rufe layukan da ba a haɗa su da lambar shaidar ɗan ƙasa ba, an kuma tace waɗanda ba a amfani da su. Kasonsa a kasuwa ya koma ƙasa da kashi 2 cikin ɗari, alhali MTN yana riƙe da fiye da rabi, Airtel kuma kimanin kashi ɗaya bisa uku. Wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin banki, wanda muke yawan tattauna wannan batu da shi, ya taɓa ce mini: "Ɗana, banki ba ya duban girman bashi kamar yadda yake duban abin da ke shigowa kullum. Mai babban bashi da babban ciniki abokinmu ne, mai ƙaramin bashi da ba shi da ciniki shi ne yake hana mu barci." Na yarda da wannan magana, kuma ita ce ta sa nake ganin raguwar masu layi ta fi adadin bashin kansa haɗari.

Dalili kuwa yana cikin yadda kuɗin tafiyar da kamfanin sadarwa yake. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da turken sadarwa a bayan gari ya ga abin da ke cikin shingen: janareta, sau da yawa guda biyu suna karɓa-karɓa, tankin man gas, akwatunan batura, na'urar sanyaya kayan aiki, da ɗan ɗakin maigadi. Wannan turke yana shan mai dare da rana, ko mutum dubu biyar ne suke kira ta kansa ko mutum hamsin. Tun a 2014 Etisalat ya sayar wa kamfanin IHS turaku sama da 2,000 ya koma yana haya a kansu, kamar yadda MTN da Airtel su ma suka sayar da nasu, kuma irin wannan haya sau da yawa tana da alaƙa da farashin dala da na man gas. Lokacin da gwamnati ta sake sakin naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga kimanin naira 460 har ta haura 1,500 a farkon 2024, litar man gas kuma ta wuce naira 1,000. Kuɗin kira bai motsa ba a duk tsawon wannan lokaci.

Ga kamfanin da ke fama da bashi, a nan ne zoben yake rufewa. Kuɗin da ya kamata a sayi sabbin na'urori da shi sai ya tafi wajen biyan kuɗin ruwa, turakun da aka kasa ciyar da su sai su yi shiru, mutanen unguwar da sabis ya ɗauke musu sai su koma wani layi, kuɗin shiga ya ƙara raguwa, a sake rasa abin gyara wasu turakun. Barin layi kuma ba wuya gare shi a Najeriya. Kusan kowace waya tana ɗaukar layi biyu, kuma tun 2013 mutum yana iya sauya kamfani ya tafi da lambarsa. Mai sana'ar POS da ke zaune a ƙarƙashin lema a bakin kasuwa ba ya jiran wani kamfani ya gama sasantawa da bankuna, domin idan kuɗin abokin cinikinsa ya maƙale sau biyu a yini ɗaya, da yamma zai cire layin ya sa wani. Mai sayar da kati shi ma yana sarin abin da ake tambaya ne kawai, kuma da zarar katin wani kamfani ya fara kwana a jakarsa, sai ya rage yawan da yake ɗauka.

Masu cewa kamfanin zai rayu su ma ba da ka suke magana ba. Abu na farko da suke nunawa shi ne cewa gwamnati ta riga ta bayyana matsayinta tun 2017, lokacin da ta hana bankuna wargaza shi, kuma a watan Fabrairun 2017 ɗin ne AMCON, hukumar gwamnati mai sayen basukan da bankuna suka kasa karɓowa, ta karɓe kamfanin jiragen sama na Arik saboda bashi maimakon a bar shi ya rufe. Suna kuma cewa kamfanin yana da kadarar da ba ta ruɓewa, wato zangon sadarwar (hanyar iska da kira da data ke bi) da gwamnati ta ba shi lasisi a kai, wanda manyan kamfanonin da masu data suka yi musu yawa suke matuƙar buƙata. Sannan a watan Janairun 2025 NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin ɗari, bayan fiye da shekara goma ba a taɓa farashin ba, ko da yake kamfanonin kashi 100 suka nema. A cikin shekarar ce kuma hukumar ta amince da yarjejeniyar shekara uku da ta ba masu layin 9mobile damar hawa kan turakun MTN a inda nasu ba su kai ba, wanda hakan yake nufin mai lambar 0809 zai iya samun sabis ba tare da kamfaninsa ya kafa sabon turke ba.

Akwai wata hujja da na sha ji daga wannan ɓangare wadda ban gamsu da ita ba. Ana cewa ai MTN ma ya yi asarar kimanin naira biliyan 137 a 2023 da kimanin biliyan 400 a 2024 saboda faɗuwar naira, har bashin da ke kansa ya rinjayi kadarorinsa a kan takarda, amma ga shi ya dawo yana cin riba a 2025. Duk wannan gaskiya ne, sai dai kwatancen bai daidaita ba. MTN ya yi asarar ne yana riƙe da layuka kusan miliyan 80 da ke zuba masa kuɗi kowace safiya, saboda haka da canji ya ɗan tsaya, farashi kuma ya ƙaru, sai ribar ta dawo da kanta. Ƙarin kashi 50 a kan cinikin mutum miliyan 80 da ƙarin kashi 50 a kan cinikin mutum miliyan 3 ba su yin aiki iri ɗaya, alhali farashin janareta da na'ura ɗaya ne ga kowa.

Idan aka duba yadda kamfanonin sadarwa suka ƙare a ƙasar nan, za a ga ba safai ƙarshen yake zuwa da sanarwar kotu ba. NITEL, kamfanin sadarwa na gwamnati, da reshensa Mtel ne aka rushe a hukumance, bayan an yi ta yunƙurin sayar da su ana kasawa, daga baya kamfanin NATCOM ya sayi kadarorin a kan dala miliyan 252 ya fito da ntel a 2016. Sauran kuwa a hankali suka shuɗe. Starcomms, wanda a da wayoyinsa suka cika shaguna da ofisoshi a Kano da Legas, ya yi ta raguwa har aka daina jin ɗuriyarsa. Multi-Links, wanda Telkom na Afirka ta Kudu ya zuba wa ɗaruruwan miliyoyin daloli, an sayar da shi a 2011 a kan dala miliyan 10 kacal. Visafone kuma MTN ne ya saye shi a farkon 2016, kuma abin da ya ja hankalin mai sayen shi ne zangon sadarwar da yake da shi. A wasu ƙasashen an fi bin hanyar kotu. Kamfanin Oi na Brazil ya nemi kariyar kotu a 2016 da bashin da ya kai kimanin biliyan 65 na real, kuɗin ƙasar, Reliance Communications na Indiya kuma ya shiga shari'ar karyewa a 2019. Amma ko a Indiya, da lamarin ya zo kan kamfanin Vodafone Idea, gwamnati ta gwammace ta mayar da bashin da take binsa ya zama hannun jari, har ta mallaki kusan rabin kamfanin, domin kada kasuwa ta koma hannun kamfanoni biyu masu zaman kansu.

A nawa ganin, da wuya a wayi gari a ji kotu ta ayyana T2 a matsayin kamfanin da ya karye, an sa kayansa a gwanjo. Masu bin bashi ba za su so haka ba, domin tsofaffin na'urorin sadarwa ba su da wata daraja idan aka kwance su daga kan turke, kuma lasisin da ke da darajar ba a hannunsu yake ba. Hukuma ba za ta so ba, saboda lambobin mutane suna ɗaure da asusun bankinsu da shaidar zama ɗan ƙasa, kuma rufe layuka miliyoyi a rana ɗaya zai jefa jama'a cikin wahala. Sabbin masu jarin ma ba su shigo domin su rufe shi ba. Amma rashin zuwa kotu bai isa a kira shi tsira ba. Abin da nake tsoro shi ne kamfanin ya ci gaba da wanzuwa da suna da lambobi, yana sayar da layi a kan turakun wani, ba tare da ya sake zama abokin gogayyar da zai tilasta wa manya su rage farashi ko su gyara aikinsu ba.

Wannan ne ɓangaren da ya fi damuna, kuma shi ne muhawarar ba ta cika taɓawa ba. Lokacin da Glo ya shigo a 2003 da lissafin kira na daƙiƙa-daƙiƙa, kamfanonin da suka riga shi, waɗanda ke cajin mutum kuɗin cikakken minti ko da gaisuwa kawai ya yi, dole suka bi sahu. Shigowar Etisalat a 2008 ita ma ta zafafa gasa a kan data da garaɓasa. Talaka bai samu sauƙin waya don tausayin wani kamfani ba, ya same shi ne saboda akwai inda zai koma idan an ƙuntata masa. Yau kamfanoni biyu suna riƙe da fiye da kashi 80 cikin ɗari na layukan ƙasar, kuma a ƙauyuka da dama na Arewa mutum ba shi da zaɓin da ya wuce layi ɗaya da ke kamawa. Ceton da aka yi a 2017 ya kare bankuna daga girgiza, ya kuma hana ma'aikata rasa aiki a dare ɗaya, wannan abin yabawa ne. Sai dai an fi mayar da hankali a kan wanda zai biya masu bin bashi, fiye da wanda yake da ƙarfin aljihun da zai ci gaba da gina turaku shekara bayan shekara, kuma shekarun da suka biyo baya sun nuna tsadar wannan zaɓi.

Ina fatan sabbin masu kamfanin su yi nasara, kuma ina ganin yarjejeniyar da aka ƙulla da MTN ta ba su wata dama ta gaske, domin ta cire musu nauyin kafa turke a ko'ina a lokaci guda. Amma dama ce mai wa'adi, kuma ba kyauta ba ce, tunda duk kiran da ya bi ta kan turken wani sai an biya mai turken. Idan aka yi amfani da shekaru ukun wajen gyara turakun kamfanin a manyan birane irin su Legas da Abuja da Kano da Fatakwal, inda cinikin data ya fi yawa, aka kuma kauce wa sake cin bashin dala a kan cinikin naira, to kamfanin zai isa ƙarshen yarjejeniyar yana da abin da zai tsaya a kai ya yi ciniki. Alƙaluman da NCC take fitarwa na yawan layukan da ke aiki, da na masu sauya sheƙa zuwa kamfanin ko barinsa, su ne za su fara nuna inda aka dosa, tun kafin wani banki ya buɗe baki ya yi magana.